Kiɗan Metal a Kunnen Bakatsine

Mai Gyaran Waya (Ƙofar Ƙaura):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai mai jin kiɗan hebi metal a cikinmu? Ba irin wanda ake kururuwa tun daga farko har ƙarshe nake nufi ba. Wanda ake haɗa gitar lantarki da gungun masu goge irin na Turawa, ga 'yan amshi cike da ɗaki, ga muryar mace tana tashi bisa kan kiɗan. Wani ɗan makaranta ya kawo mani waya in sauya mata sifika, da na ɗaura sabuwa na kunna abin da ke ciki don gwaji, sai ga wannan kiɗa. Na tsaya da sukundireba a hannu har ya ƙare. Ya ce mani Nightwish ne, mutanen Finlan. Tun lokacin nake bin sawun irinshi da dare idan data ta yi sauƙi, amma ni kaɗai nake ji, ba wanda zan tambaya. Su wa zan nema a gaba? Kuma me ya raba wannan da sauran?

Direban Maraɗi:
Wa alaikumus salam. Ni dai duk ɗaya ne a kunnena, hayaniya ce. Kiɗan da ba ka jin abin da mawaƙi ke faɗa, ina amfaninshi? Mu da muka tashi da Shata, magana ita ce waƙa, kalangu rakiya yake yi.

Ɗalibar Kimiyya:
Yaya mai waya, wallahi na yi murna da ganin wannan tambaya, don na daɗe ina zaton ni kaɗai ce a garin nan. Abin da ka faɗa ciki shi ake kira simfonik metal, wato metal mai tafe da okestura, gungun makaɗan nan masu goge manya da ƙanana da kayan busa. Nightwish ɗin da ka ji an kafa ta a 1996 a wani ƙaramin gari mai suna Kitee, can gabashin Finlan kusa da iyakar Rasha. Mai fiyanonsu, Tuomas Holopainen, shi ke tsara kusan duk kiɗan. Mawaƙiyarsu ta farko, Tarja Turunen, karatun waƙar gargajiyar Turai ta yi, shi ya sa muryarta take fita da faɗi haka. Sun rabu a 2005. Wadda ke riƙe da makirfo yanzu 'yar Holan ce, Floor Jansen. To ka duba shekarar abin da kake ji, don muryoyin ba ɗaya ba ne, kuma da wuya ka sami mutum biyu da suka yarda a kan wadda ta fi.

Daga nan ka wuce Holan. Epica, an kafa ta a 2002, da Within Temptation, 1996. Within Temptation sun fi sauƙin shiga kunne. Epica sun fi nauyi, kuma suna haɗa muryar mace mai zaƙi da ta namiji mai gurnani, ɗaya na amsa ɗaya. Ka kuma nemi wasan da Metallica suka yi a 1999 tare da okesturar San Francisco, wanda Michael Kamen ya jagoranta. A bidiyon za ka ga masu goge zaune cikin kwat, takarda gabansu, masu gita na tsaye tare da su, kuma ba wanda ya take wani.

Shawara ɗaya: kada ka ji shi da sifikar waya. Kai ka fi ni sanin ƙaramar sifika ba ta ɗaukar sauti mai kauri. Sai ta yanke bes, wato gita mai kaurin murya, da babbar ganga ta bar maka ƙarar sama kawai. Ina kyautata zaton abin da Baba direba ya ji kenan har ya ce hayaniya.

Direban Maraɗi:
A'a ɗiyata, a mota na ji, wani fasinja ya haɗa wayarshi. Kuma sifikar motata lafiya lau take.

Malamin Lissafi:
Direba yana da gaskiya a wuri ɗaya, kuma kada mu tsallake shi. Kunnenmu an raine shi a kan magana. Bahaushe na jin waƙa ne yana jiran abin da za a ce, kirari ko zambo ko habaici. A wannan kiɗan kuwa sau da yawa gita ce ke ɗauke da zancen, muryar mutum ɗaya ce kawai cikin kayan kiɗa. Idan ka zo kana jiran magana, dole ka gaji.

Amma kalmar hayaniya ban yarda da ita ba. Bari in fara daga tushe. A birnin Birmingham na Ingila, garin masana'antu, aka kafa Black Sabbath a 1968, faifansu na farko ya fito a 1970. Mai gitarsu Tony Iommi yana ɗan shekara 17 yana aiki a masana'antar ƙarfe, inji ya datse mashi kan yatsu biyu na hannun dama. Shi kuwa bahago ne, da hannun daman yake danna tsarkiya. Maimakon ya haƙura, sai ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya lulluɓe da fata, ya sa tsarkiya sirara, daga baya kuma ya sassauta ɗaurinsu don su rage mashi zafi. Tsarkiya idan ta yi sako-sako sautinta na yin ƙasa, ya yi kauri. Nauyin da kuke ji a kiɗan nan, wani ɓangarenshi daga raunin hannun lebura ya fito. Ni wannan labarin ya fara sa na girmama shi.

Ƙarar nan kuma mai kama da tsagewa da gangan ake yinta. Ana tura wa amfilifaya sigina fiye da abin da za ta iya fitarwa sumul, sai kan igiyar sautin ya daddatse, ya fito da kaushi kuma ya daɗe bai mutu ba. Akwai maɓallin da ake juyawa a ƙara ko a rage. Ma'auni ne, ba lalacewa ba.

Mai Gyaran Waya (Ƙofar Ƙaura):
Allah ya saka da alheri Malam. Wannan na datsewar sigina na gane shi sarai, don muna ganinshi a rediyo idan aka ƙure murya. Ban taɓa kawo wa raina wani zai nemi abin da hannunshi ba. To furogiresif ɗin fa? Ina ganin sunan ko'ina.

Malamin Lissafi:
Nan ne gonata, ku yi mani haƙuri in na tsawaita. Yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo, na gida da na waje, bugu huɗu-huɗu ne. Ka tafa hannu: ɗaya, biyu, uku, huɗu, ka koma. Jiki ya san inda zai sauka, shi ya sa ake iya rawa ba tare da tunani ba. Yanzu gwada wannan a kan teburinka: ɗaya biyu uku huɗu, ɗaya biyu uku, ka koma farko ba tare da ka huta ba. Bakwai kenan. Za ka ji ƙafarka na neman bugu na takwas, babu shi. Masu furogiresif a nan suke zaune. Su yi bakwai, su juya biyar, su shiga tara, su dawo huɗu don ka numfasa, duk cikin waƙa ɗaya, kuma mutum biyar ne ke yi tare ba wanda ya kauce.

Uban tafiyar su ne Dream Theater. Mutum uku suka kafa ta a 1985 suna ɗalibai a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston a Amurka: John Petrucci mai gita, John Myung mai bes, Mike Portnoy mai ganguna. A faifansu na 2005 akwai waƙa mai minti 24. Wadda ta ci masu kyautar Grammy a 2022 kuwa, bugunta 17 ake ƙirgawa. Na zauna da biro da takarda ina rarraba goma sha bakwai ɗin nan gida-gida har na kama inda yake juyawa, kuma daɗin da na ji irin wanda nake ji ne idan lissafi ya warware.

Ba ƙirga kaɗai ba ne. Waƙar ba ta bin tsarin baiti da amshi, baiti da amshi. Za a jefa maka wani ɗan karin sauti a minti na biyu da fiyano, a ɓoye shi, sai a minti na goma sha biyar ya dawo da gita, a hankali ko da gudu, ka gane shi. In ba ka ji daga farko ba, ba za ka san an yi maka komai ba. Shi ya sa ba kiɗan da ake tsinta daga tsakiya ba ne.

Sai Opeth na Stockholm a Suwidin. Jagoransu Mikael Åkerfeldt na iya gurnani mai firgitarwa, nan take ya koma murya mai laushi da gitar katako. Daga 2011 sun ajiye gurnanin tsawon shekaru, masoyansu suka rabu biyu a kan haka. Wanda bai son kururuwa ya fara da faya-fayansu na 2011 zuwa 2019.

Ɗalibar Kimiyya:
Malam ka bar na uku, masu zaƙin kari. Helloween na Hamburg a Jamus, da Blind Guardian, su ma Jamusawa, gudu ne da amshi mai kama baki. Sai na Gothenburg a Suwidin, In Flames da Dark Tranquillity da At the Gates, da suka taso a farkon shekarun 1990. Su murya kaushi ce amma gita biyu ke rera waƙar, ɗaya bisa ɗaya. Yaya mai waya, su ka bar su sai daga baya.

Uwar Biyu:
Ku dakata mani. Ina karanta ku tun ɗazu hankalina ba kwance ba. Babban ɗana na aji biyar a sakandare, kwanan nan na ga hoton bangon wayarshi ƙoƙon kan mutum ne da wuta, ya kuma sayo baƙar riga a gwanjo mai irin zanen. Ranar nan na leƙa ɗaki na same shi da iyafis yana kaɗa kai, ya ɗaga hannu ya miƙe manuniya da ƙaramin yatsa. An ce mani alamar shaiɗan ce. Ku da kuke da ilimi kuna yabon abin a nan, ni kuma ɗana nake tsoron ya ɓace mani. Ku gaya mani gaskiya tsakaninku da Allah.

Ustazun Sabuwar Unguwa:
Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, Allah ya shirya mana zuri'a. Ni matsayina ba ɓoyayye ba ne. Jumhurun malamai, har da na mazhabarmu ta Malikiyya, sun tafi a kan hana kayan kiɗa masu tsarkiya da na busa. Akwai waɗanda suka saɓa, irin su Ibn Hazm na Andalus, ba zan ɓoye wannan ba. Amma ni da jumhuru nake, kuma hukuncin bai bambanta gita da garaya ba. Abin da ya ƙara mani damuwa a wannan nau'in shi ne hotuna da sunaye. Ƙungiyar da Malamin Lissafi ya fara ambata, Black Sabbath, ku dubi sunanta kawai. Mumini ba ya wasa da abin da aka umurce shi da neman tsari daga gare shi.

Malamin Lissafi:
Allah ya gafarta Malam, a kan hukunci ba ni da bakin magana, fagenku ne. Hajiya kuwa ta nemi gaskiya, ga ta. Eh, akwai ɓangaren wannan kiɗa da ke da muni na gaske. A ƙasar Nowe, a farkon shekarun 1990, wasu matasa masu abin da ake kira baƙin metal sun ƙona coci-coci, ciki har da tsohon cocin katako na Fantoft a 1992, har da kisan kai a tsakaninsu, aka ɗaure wasu. Akwai ƙungiyoyin da waƙarsu zagin addini ce a fili. Wanda ya ce maki babu, ya yi maki ƙarya.

Amma gidan faɗi gare shi. Iron Maiden, da Steve Harris ya kafa a gabashin Landan a 1975, bangon faya-fayansu dodo ne mai ban tsoro, waƙoƙin ciki kuwa da yawansu tarihi ne da yaƙe-yaƙe da tsofaffin labarai. Mawaƙinsu Bruce Dickinson matuƙin jirgin sama ne da ya yi aikin jigilar fasinja. Sabaton na Suwidin kusan duk waƙarsu tarihin yaƙi ce. Alamar hannun nan, wanda ya yaɗa ta shi ne Ronnie James Dio, kuma ya sha faɗa cewa wajen kakarshi 'yar asalin Italiya ya gani, tana yi don kore kambun baka. Camfi ne, ba zan wanke shi ba, amma yawancin masu ɗagawa a yau ba abin da suke nufi illa kiɗan ya yi daɗi.

Abin da zan ce ki yi: kada ki fara da ƙwace waya. Ki zaunar da shi ya gaya maki sunayen ƙungiyoyin da yake ji, ku buɗe kalmomin waƙar a intanet ku karanta tare. In Turancin ya yi maki nauyi, ki turo sunayen nan, ni zan duba maki in gaya maki ba rufa-rufa.

Ɗalibar Kimiyya:
Anti, ni ma haka nake yi wa kaina. Ko Epica da na ambata suna da waƙoƙin da ke sukar yadda ake amfani da addini, wasu na karanta na ajiye su ban sake kunnawa ba. Ba duk abin da ƙungiya ta fitar nake haɗiyewa ba. Ki kuma nuna mashi Voice of Baceprot, 'yan mata uku Musulmi daga Garut a Indonusiya, da hijabinsu suke kiɗan. A makarantar Islamiyya suka haɗu, suka fara a 2014, a 2024 suka hau dandalin babban bikin kiɗa na Glastonbury a Ingila. Sun sha suka a garinsu, har yanzu akwai masu ganin ba daidai ba ne. Amma zai ga ba dole sai ya rataya ƙoƙon kai ba kafin ya so gita.

Ustazun Sabuwar Unguwa:
Hijabi ba ya halatta abin da yake haram, ƙanwata. Amma shawarar zama da yaro a karanta tare na goyi bayanta ɗari bisa ɗari. Duka da ƙwace ba su taɓa gyara matashi ba. A ƙara da lura da sallarshi da abokanshi.

Uwar Biyu:
Na gode maku duka. Rigar dai ba za ta ƙara fita gidana ba, wannan na yanke. Sauran zan zauna da shi bayan isha'i.

Dattijon Daura:
Jikata ce ta kunna mani abin da kuke ta magana a kai, na ce bari in ji da kunnena kafin in sa baki. Ta sa mani hedifon, ta fara da Iron Maiden ɗin nan. Bugun bes ɗinsu da ganga, tsakani da Allah, sukuwar dawaki ce ranar hawan Sallah, lokacin da mahaya suka sako linzami za su kai jahi gaban Sarki, ƙasa na amsawa a ƙirjinka. Wannan na san shi, ban buƙaci fassara ba.

Sai ta sa mani na Finlan ɗin. A nan na yi shiru. 'Ya'yana, aiki ne. Wanda ya taɓa tsayawa ƙofar fada ya ji tambari da algaita da kakaki sun tashi tare ya san tara kayan kiɗa da yawa ba tare da sun cinye juna ba sai gwani. Mutanen nan sun iya. Inda na rabu da ku shi ne zuciya. Shata, Allah ya jiƙanshi, nan Daura yake kwance tun 1999. Da kalangu da 'yan amshi kaɗai yake tsayar da taro, ba takarda, ba maimaici, ya dubi mutum ya ƙera mashi waƙa a tsaye. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da kotso, Ɗan Maraya da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tal. Su waɗannan naku komai a rubuce yake, an auna an yanka. Na yaba gwanintar, amma hawayena ba su zo ba.

Malamin Lissafi:
Ranka ya daɗe Baba, ba mai ja da kai a kan Shata. Sai dai in ce hanya biyu ce. Ɗaya gwanintar nan take, ɗaya gwanintar gini. Ni kam hawayen sun taɓa zo mani a ta biyun, a wajen da kiɗa ya yi ta hawa minti goma sannan komai ya ɗauke aka bar gita ɗaya.

Direban Maraɗi:
To in gita kuke so, me ya kai ku Finlan? Ku biyo ni ta Jibiya mu ƙetara. Buzayen Nijar sun daɗe da mayar da gitar lantarki tasu. Bombino na Agadas. Mdou Moctar, wanda ya ƙera gitarshi ta farko da wayar birkin keke, waƙoƙinshi suka yaɗu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da memori tun Turawa ba su san shi ba. Yanzu yana zagaya duniya. Shi ma bahago ne, kuma in ya ƙure gudu ba na jin waɗancan naku sun fi shi zafi. Shi ina ji, don ina jin hamada a ciki.

Ɗalibar Kimiyya:
Baba direba ashe kai ma namu ne. Mdou Moctar ba metal yake yi ba, amma katanga ɗaya ce tsakani, kuma maganarka ta kawo mu inda nake so. Kiɗan nan ya daɗe da barin hannun Turawa kaɗai. Myrath 'yan Tunisiya ne, furogiresif suke yi da karin Larabawa da gangarsu darbuka da goge, in ka ji za ka rantse ka san hanyar waƙar. The Hu na Mongoliya, da aka kafa a 2016, da gogensu na gargajiya mai kan doki suke yi, da waƙar maƙogwaro, cikin harshensu. A Togo akwai Arka'n Asrafokor na birnin Lome, suna haɗa metal da gangunan Ewe. A Botswana akwai Overthrust na garin Ghanzi, har biki suke shiryawa duk shekara. Sepultura na Burazil tun 1995 suka je wajen ƙabilar Xavante suka ɗauki sauti tare da su. Kowa ya ɗebo na gidansu ya zuba. Mu fa?

Mai Situdiyo (Layout):
Tun ɗazu nake jiran a zo nan. Ni ke zaune gaban kwamfuta kullum ina haɗa wa mawaƙa kiɗa, bari in gaya maku abin da ya hana.

Na farko, yadda muke aiki. Mawaƙi ya zo da waƙarshi a baki, ni in buga fiyano in jera ganga a kwamfuta, kafin la'asar an gama, ya biya ya tafi. Mutum ɗaya ne ƙungiyar. Metal kuwa sai mutum huɗu ko biyar sun yi wata da watanni suna maimaici a ɗaki ɗaya. Ina ɗakin? Jerin ganguna na gaske, mai feda biyu da ake takawa da ƙafa biyu, ko an toshe taga da katifa sai unguwa ta ji, kafin ka gama waƙa ɗaya an kai ƙararka wajen mai unguwa. Ga wuta, in ta ɗauke sai janareta, ƙararshi kuma na shiga makirfo. Tsarkiyar gita in ta tsinke sai ka aika Kano ko Abuja. Sannan wa zai saya? Mai biki rawa yake so, ɗan siyasa sunanshi yake so ya ji.

Na biyu ya fi wannan wuya, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Hausa harshe ne mai hawa da sauka, ga gaɓa doguwa ga gajera. In karin kiɗa ya hau inda kalma ke sauka, ko ya ja gaɓar da take gajera, Bahaushe zai ji an karya mashi magana ko da bai san dalili ba. Saboda haka ba za ka ɗauko karin Turawa ka cusa mashi Hausa ba. Sai dai ka fara rubuta baitin, ka saurari yadda yake tafiya da kanshi, sannan gita ta bi shi. Makaɗanmu na kalangu haka suke yi tun fil azal, suna matse tsarkiya a hammata ganga ta bi muryar magana. In za a yi metal na Hausa, daga nan zai fito, gita ta koyi aikin kalangu.

Kuma goge na nan. Ƙwarya, fatar guza, gashin wutsiyar doki. Sautinshi da ma da kaushi yake, yana kuka. Na taɓa ɗaukar wani mai goge don waƙar biki, da dare bayan kowa ya tafi na ɗora sautin a kan amfilifayar kwamfuta irin ta masu gita, na ƙara mashi kaushin da Malam ya bayyana. Tsigar jikina ta tashi. Yana nan ajiye, ban taɓa kunna wa kowa ba.

Mai Gyaran Waya (Ƙofar Ƙaura):
Haba maigida! Kana da irin wannan kake ɓoyewa? Turo mana don girman Allah.

Ɗalibar Kimiyya:
Ka turo. Kuma ka yi tunanin buɗe waƙa da kakaki da tambari a madadin okestura. Ba mu buƙatar masu goge sittin daga Landan, namu gungun na nan.

Dattijon Daura:
A'a ɗiyata, nan kam tsaya. Goge, garaya, kukuma, gurmi, kalangu, duk ku ɗauka, na talakawa ne, kowa na da haƙƙi a ciki. Tambari da kakaki na sarauta ne. Ba a buga su don nishaɗi, ba a busa su don wanda ba Sarki ba. Masu riƙe da su gado suka yi, kuma ba za su bi ku situdiyo ba. Kada ku fara abin kirki da taka abin da ba a takawa.

Ɗalibar Kimiyya:
Na ji Baba, na janye tambari da kakaki. Algaita fa?

Dattijon Daura:
Algaita da sauƙi, ana jinta a wajen masu sarauta ƙanana da wasu bukukuwa. Amma a nemi mai ita a tambaye shi, kada a kwaso a intanet a liƙa.

Ustazun Sabuwar Unguwa:
Ni dai ina nan inda nake, ba zan sa hannu ba. Amma tunda na ga za ku yi, ku ji tsoron Allah a kan abin da za ku sa a bakin mawaƙin. Kuma goge da garaya kun san da wane irin taro aka fi saninsu a ƙasar nan. Kada a fito daga wani rami a faɗa wani.

Mai Situdiyo (Layout):
Malam, maganar bori kake yi, kuma ta shiga. Ba da wannan za mu zo ba. Abin waƙa bai ƙare mana ba: manoman da suka bar gonakinsu saboda 'yan bindiga, ƙauyukan da suka watse, yaran da ke kwana a tasha. Fushin da ke cikin wannan kiɗa ya fi dacewa da waɗannan fiye da soyayyar da nake bugawa kullum.

Sautin gogen ba zan saka shi nan ba sai na nemi izinin mai shi, don don biki ya buga, bai san na taɓa shi ba. Gobe zan neme shi. Abin da nake buƙata yanzu: mai rubuta baiti da ya san ma'aunin waƙa, da wanda ya iya gitar lantarki ko da kaɗan ne. Ganga zan jera a kwamfuta tukuna. Malamin Lissafi, bugu bakwai ɗin nan naka, kai za ka zo ka tafa mani shi da hannu har in kama.

Malamin Lissafi:
Asabar bayan la'asar ina nan tafe. Amma mu fara da shida, shi kunnenmu ya saba da shi a kiɗan gargajiya, in mai gogen ya zauna a kai sai mu ƙara ɗaya mu ga ko zai yarda.

Direban Maraɗi:
Mai gita kuma ku bar mani. Akwai wani yaro Buzu da nake ɗaukowa daga Maraɗi yana zuwa wasan biki, gitarshi a jaka kullum. In na gan shi wannan satin zan yi mashi magana, sai dai ku tanadi kuɗin motarshi.